Saje Maliki, Mai Gadin Shinkafar Tungar Hodi

Duk wanda ya zauna a Gwadangaji cikin shekaru biyar ɗin nan ya san keken Kofur Maliki. Ana saukowa daga sallar asuba zai zauna a ƙofar gida bisa wani guntun kututture, takalmin soja a cinya, yana gogarsa da tsohon buroshin da rabin gashinsa ya zube. Matarsa Laure ta miƙo masa koko ta zaure, ya sha a tsaye don kada kaki ya yamutse. Daga nan sai ya hau keke ya nufi bariki, yana gaida mutane da sunayensu da na iyayensu, har da waɗanda ba sa amsawa da wuri. Saura taku goma ya isa ƙofar bariki zai sauka ya tura keken da hannu. Idan wani ƙaramin hafsa ya gitta, sai ya ƙame ya sara masa, ko da kuwa shi ya koya masa ɗaurin takalmi ranar da ya fara zuwa. Aikinsa a ciki tsaron sito ne: barguna, tantuna, kwanonin abinci, da fitilun da ba sa kamawa.

Ranar Alhamis da ta wuce ya ajiye aiki bayan shekara ashirin da uku. Rediyon Sakkwato bai faɗa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya faɗa ba, kofur ne dai ya tsufa ya koma gida. Ni kuwa na ce sai na rubuta, don na san abin da ya sa mutumin da ya taɓa ɗaura igiya uku a hannun riga ya fita da biyu. Ni malamin gona ne. Ina wurin aka yi abin, kuma rawar da na taka ba ta alfahari ba ce, zan faɗe ta in mun zo wurin.

Maliki Tamba Bakabe ne, wato ɗan ƙasar Kabi, haifaffen Augie, a fadama ya tashi kafin ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa suna ba da labarin tsaurinsa har yau. Wani tsohon soja da ke faci a tashar Argungu ya gaya mini cewa ya taɓa tsinko albasa uku a gonar wani suna kan sintiri, Saje Maliki ya sa shi ya koma da ƙafa mil huɗu ya nemi mai gonar ya ba shi haƙuri. Ya ce a ranar ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma daga nan bai sake taɓa kayan kowa ba. Sun kuma ce bai taɓa shiga zauren maigari da takalmi ba, komai saurin da ake yi, kuma bai taɓa musa wa hafsa magana a gaban kurata ba. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi.

Daminar da ta biyo bayan babban farin nan da ya ƙone gonaki, wasu mutane masu bindiga suka tsallako iyaka suka ɓuya a fadamar da ke arewa da Argungu. Sun tare 'yan kasuwa sau biyu, sun kore shanu, sun kashe mutum uku. Aka turo sojoji talatin su yi zango kusa da wani ƙauye da ake kira Tungar Hodi. Shugabansu Laftanar Abdussamadu ne, saurayi ɗan birni, mai ladabi da ƙwazo, fitowarsa ke nan daga makarantar hafsoshi. Saje Maliki ne na biyunsa, kuma an riga an sa sunansa cikin waɗanda za a ƙara wa girma a ƙarshen shekara.

A makaranta an koya wa Laftanar cewa irin waɗannan mutane ba a kama su sai an raba su da masu ba su abinci da labari. Karatun ba ƙarya ba ne. Sai dai lokacin ƙarshen Oktoba ne, shinkafa ta fid da kai, ƙwayar tana ruwan nono, kuma duk ɗan fadama ya san lokacin jan-baki ne, tsuntsayen nan ƙanana da ke sauka dubu-dubu su tsotse gona tas. Kowace gona da rumfarta mai tsawo da mai tsaro ke hawa. Daga rumfar an ja kirtani zuwa kusurwoyin gona, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsuntsu ya taso, mai tsaro ya fizgi kirtani, gwangwani ya yi ƙara, ya bi da ihu da curin laka a majajjawa. Haka ake yini tun hudowar rana har faɗuwarta.

Laftanar ya lura cewa duk sanda sojojinsa suka bi gefen fadama, sai ƙarar gwangwani ta tashi daga gona zuwa gona tana tafe gabansu. Kwana uku yana duba agogo yana rubutawa. A rana ta huɗu, Saje ya tafi Argungu karɓo abincin soja, Laftanar ya aika wa manyansa ta rediyon oba-oba cewa ya gano yadda ƙauyawa ke sanar da 'yan bindiga zuwan sintiri. Bai tambayi kowa ba, ina ruwan mai anini a kafaɗa da tambayar manomi. Gaskiyar abin kuwa, tsuntsayen a bishiyoyin gefen hanya suke hutawa. Takun sojoji ke tashinsu, su faɗa cikin shinkafa, masu tsaro su kaɗa gwangwani.

Amsa ta sauko washegari da sa hannun wani Manjo. Kada farar hula ya sake shiga fadama har mako uku, kuma a tsinke kirtanin gaba ɗaya.

Aka tara mutanen gari a gindin tsamiya da hantsi, aka kira ni don ni ne na gwamnati a harkar gona. Maigari Labbo ya yi bayani a hankali, hularsa a hannu. Laftanar ya saurara, na ga fuskarsa ta ɗan sauya, sai ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne mako uku zai yi wa shinkafar lahani. Wallahi na san amsar fiye da sunana. Amma na dubi bindigogin nan, na tuna lokacin mulkin soja ne, na tuna yadda ake sallamar ma'aikaci ta rediyo, sai na ji bakina yana cewa, "Yallabai, za ta ɗan taɓu, amma yadda kuka gani."

Wata dattijuwa ce ta taso daga bayan maza. Riskuwa sunanta, mijinta ya rasu, jikoki huɗu a hannunta, ita da kanta ke hawa rumfa.

"Malamin gona, ji tsoron Allah," ta ce. "Kai da ka san kwana ukku sun isa jan-baki shi share fadamag ga? Bara ba mu ga ruwa ba. Irin da munka ɓoye munka hana bakinmu, shi na cikin ƙasag ga. In ya tahi, mi za mu ci?"

Ni dai takalmina nake kallo. Laftanar ya ce oda ce daga sama, za ta fara aiki gobe da safe. Saje Maliki, wanda ya dawo ya tarar da aikin gama ya gama, ya ƙame ya sara, bai ce uffan ba. Na ji wani tsoho yana cewa a hankali, ashe ɗan Kabi ma in ya sa kaki ya tashi daga namu.

Da azahar babur ɗina ya ƙi tashi, ina tsugune ina goge fulogi a bayan motar soja, su ba su gan ni ba. Na ji Saje ya nemi izinin magana. Ya gaya wa Laftanar, murya ƙasa-ƙasa, cewa tsuntsun nan takun sojojinsu ne ke tada shi, ya ce shi ma shekara bakwai ya yi bisa irin rumfar nan yana yaro. Laftanar ya ce ya gane, amma rahoto ya riga ya tafi, oda ta sauko, kuma Saje ya fi shi sanin cewa oda ba ta komawa sama. In ya ce ya yi kuskure a aikinsa na farko, an gama da shi, kuma ko ya faɗa, kafin a gama bincike a yarda a janye ta mako uku sun cika.

Saje ya ce ba ya neman a janye oda. Mutanen gari za su fita daga fadama kamar yadda aka ce. Amma soja na bukatar wurin hangen nesa, kuma duk fadamar babu abin da ya kai rumfunan nan tsawo. A ɗora soja a kowace rumfa. In kuma gwangwani ya yi shiru rana ɗaya, waɗanda ake nema za su san wani abu ya sauya, don haka a bar kirtani, sojan da ke sama ya riƙa kaɗawa.

Laftanar ya ce takarda ta ce a tsinke, shi ba zai iya ba da umarnin da ya saɓa mata ba.

"Kada ka ba da, yallabai," in ji Saje. "Ka ce in jera mutane. Sauran nawa ne."

"Ka san abin da zai biyo baya in an gani?"

"Na sani, yallabai."

Ya sani kuwa. Mutumin da ya shekara goma sha takwas a soja ya san abin da ake yi wa wanda ya bar rabin oda bai cika ba, kuma ya san sunansa na kan takardar ƙarin girma.

Abin da idona ya gani washegari ba zan manta ba. Sojoji ashirin da biyu bisa rumfunan korar tsuntsu, bindiga a rataye, kirtani a hannu. Rabinsu 'yan kudu ne da ba su taɓa ganin jan-baki ba. Saje ya koya musu wurga majajjawa da lissafi irin na fareti, ɗaya a ɗora, biyu a juya, uku a saki. Wani kofur ƙato ya saki a biyu, ya bi majajjawar ya faɗa cikin taɓo, mutanen gari da ke tsaye kan tudu suka yi dariyar da rabonsu da ita tun kafin fari. Riskuwa ba ta taka fadama ba, oda ta hana, amma tana bakin iyaka tana yi wa sojan da ke rumfarta faɗa, wai jansa ba ƙarfi, ko bai ci abinci ba ne. Mata suka riƙa cura laka suna shanyawa, su ajiye a kwando a bakin hanya tare da ƙwaryar fura. Saje ya yarda a ɗauki lakar. Furar kuwa sai da Maigari ya rantse cewa in aka mayar da ita an ci mutuncin gari, sannan ya bari aka sha.

Kada in yi muku ƙarya, ba duka aka tsare ba. Rumfuna sun fi arba'in, sojoji ba su kai ba, gonakin can ƙurya tsuntsu ya cinye su. Saje da kansa ke zagayawa cikin ruwa har gwiwa daga rumfa zuwa rumfa, yana duba wanda ya yi gyangyaɗi, yana kuma tambayar abin da kowa ya hango, don aikin gadin ma bai yarda a yi wasa da shi ba.

Kwana goma sha biyu ana haka. Ranar sha uku da safe Manjo ya iso ba sanarwa. Abin da ya fara gani soja ne ya tuɓe riga yana ihu yana kaɗa gwangwani, bindigarsa na lilo a jikin itace. Aka busa usur, aka yi layi. Manjo ya ɗaga takardar odarsa ya tambayi Laftanar wa ya ce a bar kirtanin nan, wa kuma ya mai da sojan ƙasa mai korar tsuntsu. Na ga Laftanar ya buɗe baki. Kafin kalma ta fito, Saje Maliki ya yi taku ɗaya gaba ya buga ƙafa.

"Ni ne, yallabai. An ba ni jeran mutane, ni na jera su haka."

Manjo ya tambaye shi ko ya karanta odar, ya ce ya karanta. Ya tambaye shi ko ya fahimce ta, ya ce ya fahimta. Nan take aka karɓe bindigarsa da ɗamararsa, aka sa shi a bayan mota zuwa gadirum a Birnin Kebbi. Aka sauko da sojoji daga rumfuna, aka bi kirtani da wuƙa. Kafin azahar fadama ta yi tsit, sai kukan tsuntsu, kuma shinkafar na bukatar kamar kwana takwas kafin ta yi taurin da jan-baki zai bar ta.

Da la'asar Riskuwa ta ja Maigari Labbo suka je tantin Laftanar, ni ma aka kira ni. Ta ce tun farkon wata, daga bisa rumfarta, take ganin kwalekwale biyu suna fitowa daga bayan wani tudu mai geza duk jajibirin kasuwa, kuma masu tuƙin ba masunta ba ne, riƙon sandarsu ya nuna. Ta kwatanta mashigar, Maigari ya ce zai ba da masunta biyu su nuna hanya. Laftanar ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun tuni.

"Wa ya tambaye ni?" ta ce. "Su suna da bindiga, ku kuna da bindiga, ba mu san wa za shi bar mu da rai ba. Amma wanda ya tsare min shinkafa kwana sha biyu, na san nawa ne. Ku tahi ku kamo su, ku maido muna Saje."

Kwana biyu bayan haka aka kewaye tudun da safe. An yi harbi kaɗan, aka kama mutum tara, ba soja ko ɗaya da ya ji ciwo. Aka janye dokar, mutane suka ruga fadama suna ƙulla kirtanin da aka tsinke. Kwana biyun nan sun ci abin da suka ci, amma fiye da rabin shinkafar ta tsira, kuma Tungar Hodi ba ta watse ba a shekarar da ƙauyuka da dama suka tashi neman abinci.

Saje kuwa ba a maido shi ba. An riga an yanke hukunci kafin labarin nasara ya isa, aka cire masa igiya ɗaya, aka goge sunansa daga takardar ƙarin girma, aka tura shi sito. Laftanar Abdussamadu ya rubuta takarda sau biyu yana faɗin gaskiyar abin da ya faru, har da kuskurensa. Aka amsa masa cewa maganar ta wuce.

Na taɓa zuwa gidan Maliki da zafina, na ce an zalunce shi. Sai ya ce da ni in zauna in huce. Ya ce da shi ne Manjo, abin da zai yi ke nan, don ranar da kowane saje zai riƙa zaɓen odar da zai bi, ba soja ke nan ba, taron masu bindiga ne, kuma talaka ne zai fara ji a jikinsa. Ya ce shi ya karya, ya san ya karya, ya tsaya aka hukunta shi, ba ya ƙorafi. Na ce to in an koma baya fa? Ya yi murmushi ya ce zai sake jera su, sai dai wannan karon zai hana su tuɓe riga.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ban ce ba shi da gaskiya ba. Amma har yau ina ganin akwai gyara a gidan da magana ke gangarowa kawai ba ta hawa, inda wanda ya san ƙasa ba a tambayarsa, sai an yi ɓarna a nemi wanda zai ɗauka. Kuma ba soja kaɗai ba, mu ma a ofishinmu haka muke, ni ne shaida.

Kai ne, Maliki, ka yi shiru a gindin tsamiya aka zage ka, don kada ka kunyata shugabanka a gaban jama'a, sannan ka bi shi bayan mota ka faɗa masa gaskiyar da ni na kasa faɗa. Kai ne ka san farashin abin tun kafin ka fara, ba ka ja baya ba. Ɗan Kabi, mai gadin shinkafa, ni da na yi karatun gona na riƙe aikina, kai da ba aikinka ba ne ka ba da naka. Kunyar wannan ba ta bar ni ba, kuma ba na so ta bar ni.

Ranar Alhamis an yi masa ɗan taro a filin fareti, ba ganga ba baƙi. Ana cikin yi sai ga mota daga Kaduna, Abdussamadu ya fito, yanzu shi ma Manjo ne. A soja ƙarami ke fara sara wa babba, ko kurtun jiya ya san wannan. Amma kafin Kofur Maliki ya ɗaga hannu, Manjo ya riga ya ƙame a gabansa ya sara, ya kuma ƙi saukewa. Maliki ya ɓata rai, ya ce a hankali, "Yallabai, ba haka anka koya maka ba." Manjo ya ce, "Haka ka koya mini, Saje." Sai da tsohon ya mayar da sarawar sannan ya sauke hannu, kuma na ga Maliki yana ta ƙifta ido yana kallon tuta.

A bakin ƙofa Riskuwa na zaune tun safe, ƙafa ta yi nauyi yanzu, a motar albasa ta zo. Duk kaka sai ta kawo masa ƙwaryar sabuwar shinkafa, ba ta taɓa fashi ba, bana kuma ta haɗa da zuwa ganin fitarsa. Mai gadi ya ce mata ba wani Saje Maliki a barikin nan, sai dai Kofur. Ta ce ita ba ta san wannan ba, su can suka cire masa igiya, Tungar Hodi ba ta cire ba.

Mun gode, Saje. Allah Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya saka wa Laure da haƙurin da ta yi. Ku kuma masu kaki da ke tasowa, da mu masu biro, duk wanda aka tura wani ƙauye da takarda a hannu, ya fara tambayar mai rumfa abin da yake gani kafin ya aika rahoto. In kuma an tambaye ka abin da ka sani, ka faɗa.

Da yamma Laure ta dafa shinkafar, Maliki ya aiko a kira ni. Ya tura kwanon gabana ya ce, "Ci, malamin gona, ta ɗan taɓu amma tana nan." Na sunkuyar da kai, na sa hannu na ci.